Mabuɗi Na Biyu

A makon da aka yi bikin rantsar da sababbin ɗalibai, wata dattijuwa ta taso daga garinsu ta rako 'yarta makaranta. Da yake tafiyar da nisa, ba ta kuwa da kowa a nan kusa, sai ta kama ɗaki na kwana biyu a wani masaukin baƙi na wannan yanki namu, wanda ba za mu faɗi sunansa ba, ba kuma za mu faɗi garin da yake ba. Ran nan da rana tsaka, bayan ta idar da sallar azahar, zafi ya matsa mata, ta tuɓe mayafi da kallabi ta kishingiɗa. Ba ta ankara ba sai ta ji mabuɗi yana juyawa a ƙofa. Kafin ta kai hannu ga mayafinta, wani saurayi ya riga ya tsaya tsakar ɗaki da kayan gyara a hannu, wai an aiko shi ya duba fanka. Bai ƙwanƙwasa ba, bai yi sallama ba. Da ya ga halin da take ciki sai ya ja da baya ya fice, ko ƙofar bai ja ba.

Dattijuwar nan goggon editan wannan mujalla ce, shi ya sa labarin bai mutu a nan ba. Da yamma edita ya je ya sami manajan gidan, ya gaishe shi da ladabi, ya faɗa masa abin da ya auku. Manaja ya saurara, ya girgiza kai, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ku yi haƙuri, yaro ne sabon ɗauka. Ai dai bai ɗauki kome ba ko?" Ita kuwa Goggo, da aka koma mata da jawabi, cewa ta yi, "Bar su, ɗan nan, mu baƙi ne. Jibi war haka muna gida." Daren nan biyu da kujera ta tokare ƙofa, ta kwana da mayafinta a jiki.

Ba don mu tona asirin kowa muka kawo wannan labari ba. Tambayar manajan nan ce ta hana mu barci. A ganinsa, muddin ba a yi sata ba, to, ba a yi laifi ba. Mu kuwa muna ganin an ɗauke wa matar nan abin da ya fi jakarta daraja, watau suturarta da natsuwarta, waɗanda saboda su ta biya kuɗin ɗaki tun da fari. In don wurin shimfiɗa haƙarƙari ne kawai, ai rumfar tasha kyauta ce. Abin da baƙo yake saye a masauki shi ne ƙofa, da amincewar cewa ba mai buɗe ta sai da yardarsa. Tun da muka fara tada maganar a tsakanin 'yan'uwa ɗalibai, mun tarar ba Goggo kaɗai ba ce. Wannan ya ce ya fito daga wanka ya iske mai shara cikin ɗaki, waccan ta ce ta komo ta sami an jirkita mata kaya, ba ta san wanda ya shiga ba. Yawancinsu ba su kai ƙara ba, don ba su san akwai abin kai wa ƙara ba.

Kada mai karatu ya ɗauka maganar otal maganar 'yan hutu ce, ta masu zuwa bakin teku shan iska. A wannan ƙasa tamu ba nishaɗi ne yake kai mutum masauki ba, sai ɗai ɗai. Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, iyaye suke zuwa kawo 'ya'ya da ɗaukarsu, malamai suke zuwa daga wasu jami'o'i duba jarrabawa. Aliero ɗin nan dai ita ce garin albasa, inda 'yan kasuwa suke tahowa daga kudancin ƙasar nan da kuɗi masu nauyi, su kwana su wuni har lodi ya cika. Ita ce kuma garin maɗora, inda ake kawo mai karaya daga nesa, masu jinyarsa su yi makonni suna neman inda za su raɓa. Jega mararraba ce, ga hanyar Sakkwato, ga ta Birnin Kebbi, ga wadda ta ratsa ƙasar Maiyama ta nufi Koko da Yawuri, kuma duk direban da dare ya riska ya san darajar ɗakin da zai rufe. In kuwa lokacin bikin kamun kifi na Argungu ya zo, wanda aka faro a 1934 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan al'adun duniya a 2016, sai baƙi su cika jihar, har da Turawa da 'yan kudu waɗanda daga abin da suka gani a ɗakin kwanansu za su yi mana hukunci gaba ɗaya. Ashe kuwa masu kwana a masauki iyayenmu ne, da masu sayen amfanin gonarmu, da marasa lafiyarmu.

Abin mamaki shi ne a ce a ƙasar Jega ne za a tsaya koya wa mutane yadda ake riƙon baƙo. Garin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa a farkon ƙarni na 19 bai yi suna da kome ba kamar kasuwarsa, wadda ta zama babban zango ga ayarin fatake masu zuwa Gwanja ɗauko goro. Madugu ya iso da ɗaruruwan mutane da jakuna, kowa da dukiyarsa da ta waɗanda suka ba shi saƙo. Ina suke sauka? Wurin fatoma. Shi fatoma ba ɗaki kaɗai yake bayarwa ba. Shi zai ajiye wa baƙo kaya da kuɗi, shi zai nemo masa dillali, shi zai tsaya masa in an ci bashinsa, shi zai shige masa gaba in magana ta kai gaban alƙali. Jarinsa duka amana ce. Ran da aka ji an taɓa kayan baƙo a gidansa, ko an leƙa abin da ya ƙunso, ko an kai tsegumin yawan dukiyarsa kasuwa, to, labari zai riga shi isa zango na gaba, baɗi kuwa ayari ya sauka gidan wani. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Ibadan ya nazarci irin wannan tsari a tsakanin Hausawa masu cinikin goro da shanu, ya bayyana a littafinsa na 1969 yadda maigida yake saukar da baƙi 'yan kasuwa, a riƙa cinikin dukiya mai yawa bisa bashi, ba abin da ya riƙe ta sai sunan maigidan. Kakanninmu ba su da mabuɗin ƙarfe mai lamba, galibi asabari ne ko tufaniya a bakin ɗaki, amma asabarin nan ya fi wasu ƙofofin yau tsaro, domin kowa ya san abin da yake nufi.

To, me ya canja? A ganinmu, sunan mai masauki ne ya rabu da masaukin. Fatoma yana kwana a gidan da baƙonsa yake kwana, kunyar baƙo kunyarsa ce. Yau mai otal yana Abuja ko Kaduna, ya bar manaja, manaja ya bar yara, yaran kuwa an ɗauke su jiya ba wanda ya zaunar da su ya gaya musu ko kalma ɗaya game da ladabin aiki. An rataye mabuɗai na biyu a ƙusa bayan kanta, duk wanda ya ga dama ya zara. Mun ɗauko ginin otal daga Turawa, da lambobin ɗakuna da littafin rajista, amma ba mu ɗauko ƙa'idojin da suke tafiya da shi ba, namu na gado kuma mun bar su a zaure.

Ga shi kuwa ba mu da uzurin rashin sani. Yaron da ya faɗa wa Goggo ɗaki, a gidansu ba zai ƙetare zaure ya shiga cikin gidan maƙwabci ba sai ya yi sallama an amsa, ko ya aika ƙaramin yaro. Ya tashi yana ganin "Ba Shiga" rubuce a bakin ƙofofi. In ya yi makarantar allo ya zarce zuwa ta littattafai, ya ji aya ta 27 da ta 28 na Suratun Nur, inda aka hana mumini shiga gidan da ba nasa ba sai ya nemi izini ya yi sallama, aka kuma umarce shi da ya koma in an ce ya koma. Aya ta 58 ta wannan sura ma ta fi kusa da zancenmu, domin ba a kan baƙin waje ta sauka ba, a kan masu hidimar gida ne da yara ƙanana, waɗanda kullum suna kai da kawowa a cikin gida. Su ma an ce su nemi izini a lokuta uku: kafin sallar asuba, da tsakar rana sa'ad da ake tuɓe tufafi don hutawa, da bayan sallar lisha. Mai karatu ya duba da kyau, a ɗaya daga cikin lokutan nan uku aka shiga wa Goggo. Hadisin Abu Musal Ash'ari da Sayyidina Umar kuma sananne ne, cewa neman izini sau uku ne, in ba a amsa ba mutum ya juya. Wani zai ce ai aya ta 29 ta yarda a shiga gidajen da ba na zaman kowa ba, kuma malaman tafsiri sun kawo masaukan matafiya cikin misalansu. Gaskiya ne, amma wannan farfajiyar masauki ce da ɗakin da ba kowa a ciki. Ɗakin da mutum ya kama ya sa kayansa ya rufe, ya zama mazauninsa har ranar da zai mayar da mabuɗi.

Adalci ne kuma mu ji ta bakin masu masauki, don ba su rasa abin faɗi ba. Ɗaki nasu ne, sai an share, sai an canja zanen gado, famfo yana yoyo, wayar lantarki tana iya kama wuta. Baƙo yana iya faɗuwa ciwo cikin dare, ba mai sani sai an buɗe. Ga kuma babbar hujja ta zamanin nan, watau tsaro. Jihar da aka kwashe ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021 ba za a ce mata ta daina shakkar baƙon fuska ba, kuma mai otal ɗin da ɓarayi suka kwana a gidansa shi hukuma za ta fara kamawa.

Wannan gardama ba a nan kaɗai ake yinta ba. Ranar 1 ga Oktoba, 2017, wani mutum ya buɗe wuta daga hawa na 32 na otal ɗin Mandalay Bay a Las Vegas ta Amurka, ya kashe mutum 58 a daren, bayan ya kwashe kwanaki yana shigar da bindigogi fiye da 20 ɗakinsa cikin akwatuna. Kafin shekarar ta ƙare, kamfanin Disney ya cire allon nan da baƙo yake ratayawa a ƙofa don kada a dame shi daga wasu manyan masaukansa na 'yan hutu a Florida, ya sa wani mai nuna cewa akwai mutum a ciki kawai, ya kuma sanar da cewa ma'aikaci zai shiga kowane ɗaki sau ɗaya a rana ko baƙo ya so ko bai so ba. Wasu kamfanonin otal ma suka tsaurara nasu dokoki. Masu zuwa hutu da yawa suka yi ƙorafi. Amma akwai abu biyu da ya kamata manajojinmu su lura da su kafin su fake da wannan misali. Na ɗaya, ko a can ɗin ba a ce ma'aikaci ya faɗa ɗaki kai tsaye ba, an ce ya ƙwanƙwasa ya faɗi ko shi wane ne, kuma an sanar da baƙi dokar tun kafin su kwanta. Na biyu, kamfanin da ya mallaki Mandalay Bay ya faɗa daga baya cewa ma'aikatansa sun yi hulɗa da mutumin nan ko sun shiga ɗakinsa fiye da sau 10 a kwanakin da ya yi, ba su ga abin da ya tada musu hankali ba. Ashe yawan shiga ɗaki ba shi ne tsaro ba. Tsaro yana bakin ƙofar gida, wurin sanin wanda ya shigo da abin da ya shigo da shi, ba a tsakar ɗakin tsohuwa da azahar ba.

Ta fuskar doka ma baƙo ba maraya ba ne. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrinsa, da na gidansa, da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaro da zaman lafiya da tarbiyyar jama'a, amma ta hanyar doka, ba ta hanyar son ran mai riƙe da mabuɗi ba. A Amurka an taɓa yin wata shari'a da ta dace da mu. 'Yan sanda suna neman wani mutum mai suna Stoner bisa zargin fashi, suka je otal ɗin da ya sauka ba su da takardar izinin bincike, akawun dare ya buɗe musu ɗakinsa ba ya nan, suka sami bindiga. A 1964 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta rushe hukuncin da aka yi masa, ta ce baƙo ya yarda mai shara da mai gyara su shiga don aikinsu, amma wannan bai ba akawu ikon buɗe wa wani ƙofar ba, domin haƙƙin na baƙo ne, ba na otal ba. Hukuncin Amurka ba ya hawa kanmu, amma hankalin da ke cikinsa ba na wata ƙasa ba ne.

Wannan ya kawo mu ga wurin da ƙafa take santsi. Ba mu jahilci cewa wasu masaukan sun zama matattarar ɓarna ba, ba kuwa muna goyon bayan ɓarna ba ne. Hukumomin da aka ɗora wa tsaron tarbiyya, 'yan sanda ne ko Hisba, suna da aikinsu. Amma addinin da ya hana alfasha shi ne ya hana bin diddigin asirin mutane a aya ta 12 ta Suratul Hujurat, ya kuma tsananta sharuɗɗan shaida har ya sa bulala ga mai ƙazafi. In an sami labari tabbatacce a kan ɗaki kaza, a zo da izinin hukuma a buɗe ɗaki kaza. Amma a bi ƙofa ƙofa cikin dare ana tada matafiya, ana tambayar mata da miji takardar aure, ana haska fuskokinsu da waya, gobe a ga hotonsu yana yawo a Facebook kafin alƙali ya ji ta bakinsu, wannan kam gyaran gangar auzinawa ne. Wanda aka kunyata bisa kuskure, wa zai mayar masa da mutuncinsa?

Wayar nan ma ita ce sabuwar masifa. A da mai leƙe sai ya zo da idonsa, yanzu kuwa ya isa ya shiga sau ɗaya ya bar ido a ɗakin. A 2019 'yan sandan Koriya ta Kudu suka kama wasu da suka ɓoye ƙananan kyamarori a ɗakuna 42 na masaukai 30, suka ɗauki hoton baƙi wajen 1,600 suna sayar wa masu kallo ta intanet. Ba mu ce an yi haka a nan ba. Abin da muke cewa shi ne, gidan da ba a san wanda ya ɗauki mabuɗi ba, ba a kuma san lokacin da ya mayar ba, ba shi da hanyar da zai rantse cewa ba a yi ba. Haka nan littafin rajista da ake bari buɗe a kan kanta, kowa ya zo ya karanta sunan wadda ta sauka da lambar wayarta da lambar ɗakinta. Tun 2023 ƙasar nan take da dokar kare bayanan mutane, amma ko ba doka, hankali ya isa ya ce a rufe littafin.

Ba mu so a ɗora laifin duka a kan yaran da ke aiki. Da yawansu sa'o'inmu ne, wasu ma ɗalibai ne masu neman na rajista, albashinsu bai taka kara ya karya ba, a kuma tsawata musu in ɗaki bai sharu da wuri ba. Yarinyar da aka tura ita kaɗai ta share ɗakin namiji, ita ma tana cikin haɗari, kuma ƙa'idar da za ta kare baƙo ita ce za ta kare ta. Mu ɗalibai ma, in za mu faɗi gaskiya, ba mu da bakin yi wa kowa dariya. Sau nawa ake banko ƙofa a ɗakunan kwananmu, sallama tana biyo bayan ƙafa? Sau nawa aka ɗauki hoton ɗan'uwa yana barci aka watsa don raha?

Abin da muke nema a wurin masu masauki ba mai tsada ba ne. A sa sakata ta ciki a kowace ƙofa, wadda ba mabuɗin da zai buɗe ta daga waje. Kuɗinta bai kai na kwana ɗaya ba. Mabuɗi na biyu ya zauna hannun manaja shi kaɗai, duk wanda ya karɓa a rubuta sunansa da lokaci da dalili. A gaya wa baƙo tun ranar da ya sauka lokacin da ake shara, a rubuta da Hausa da Turanci, har da ajami, a manna bayan ƙofa, in ya ce ba ya so yau a bar shi. Ma'aikaci ya ƙwanƙwasa sau uku, ya yi sallama, ya faɗi aikinsa, ya jira. In mace ce a ɗakin, mace ta shiga, ko a jira ta fito. In kuwa gobara ce ko ana tsoron ran mutum, a buɗe, amma mutum biyu, kuma a ba baƙo bayani daga baya.

Ƙungiyar Ɗalibai kuma tana da abin da za ta iya yi ba sai ta jira gwamnati ba. Mu ne muke gaya wa iyayenmu inda za su sauka, don haka cinikin makon rantsarwa da na bikin yaye ɗalibai a hannunmu yake. Muna kira ga kwamitin jin daɗin ɗalibai da ya zaga masaukan Aliero da Jega da Maiyama kafin ƙarshen wannan zango, ya kai musu waɗannan sharuɗɗa a rubuce, ya duba ƙofofin da idonsa. Gidan da ya amince ya kuma sa sakata, wannan mujalla za ta buga sunansa kyauta a fitowa ta gaba, a raba wa sababbin ɗalibai tare da takardunsu na shiga. Gidan da ya ƙi, ba za mu zage shi ba, sunansa ne kawai ba zai fito ba. Wanda kuma irin abin da ya sami Goggo ya taɓa samunsa, ko ya sami wani nasa, ya rubuto ya jefa a akwatin da ke ƙofar ofishin mujalla, ba sai ya sa suna ba. Za mu tara takardun mu miƙa wa kwamitin ranar da zai fara zagayen.